Cikon Tsakanin Tayil: Ƙaramin Aikin Da Ke Jawo Wa Masu Gine-gine Babbar Hasara

LEGAS — Duk ɗan kasuwar da ya gina kanti, ko otal, ko asibiti, ko gidan haya a 'yan shekarun nan ya san cewa bayan siminti da rodi da rufi, tayil na daga cikin manyan kafofin da kuɗin gini ke bi su tafi. Daɓen siminti mai jan launi da tarazo, waɗanda suka yi zamani a bankuna da makarantu da ofisoshin gwamnati, yanzu sun ja baya. A kasuwar kayan gini ta Orile-Coker da ke Legas, da ta Dei-Dei a Abuja, da Ƙofar Ruwa a Kano, mai gini yakan shafe yini guda yana zaɓen launi, yana ƙwanƙwasa tayil, yana ja-in-ja a kan farashin kowane kwali. Amma da wuya a ji ya tambayi abin da za a cike tsakanin tayil ɗin da shi. Wannan akan bar wa mai aiki, shi kuwa sai ya aiki yaronsa ya auno farin siminti a leda.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman wannan sakaci. A ɗauki kanti mai murabba'in mita 100, da za a shimfiɗa wa tayil mai santimita 60 a kowane gefe, kaurinsa milimita 10. Kwali ɗaya na irin wannan tayil yakan ɗauki guda 4, watau murabba'in mita 1.44, saboda haka ana bukatar kwali 70, ban da na yanka da wanda zai fashe. Idan aka bar tazarar milimita 3 tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa, layukan da za a cike, in aka jera su, tsawonsu zai kai kimanin mita 333. Garin da zai cike su duka kilo 16 ne, ko 18 in an yi la'akari da wanda zai zube. Ga kwali 70 a gefe guda, ga kuma buhu ɗaya mai kilo 20 da ba zai ma ƙare ba a ɗaya gefen. Duk tsadar buhun nan, kuɗinsa ɗan ƙanƙane ne in aka kwatanta da na tayil da ladan aiki. Duk da haka a kansa ake yin tsimi, kuma daga gare shi lalacewar daɓe takan faro.

Ƙa'idar lissafin ba ɓoyayya ba ce, kamfanonin da ke yin garin suna buga ta a takardunsu. Ana haɗa tsawon tayil da faɗinsa da milimita, a raba da abin da aka samu in an ninka tsawon da faɗin, sa'an nan a ninka da kaurin tayil, da faɗin tazara, da kuma 1.6. Amsar ita ce yawan kilo a kowace murabba'in mita. Tayil mai santimita 30 da kaurin milimita 8 zai ci kusan kilo 26 a wannan kanti, domin gwargwadon ƙanƙantar tayil gwargwadon yawan layukansa. Mai gini da ya san wannan ba za a rubuta masa buhu 10 a inda 2 za su isa ba, ba kuma zai yarda a rufe masa aikin da rabin abin da ake bukata ba.

Tayil ɗin da aka gasa har ya zama tangaran kusan ba ya shan ruwa. Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 13006, abin da irinsa yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba. Saboda haka ruwan goge-goge, da man da ya zube, da ƙura, ba su da wata ƙofa sai layukan da ke tsakani, kuma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciko shi ne ke toshe wannan ƙofa. Haka kuma shi ne ke tallafe bakin tayil don kada ya ɓantare in an ja kujera ko an turo amalanken kaya, shi ne kuma ke haɗiye ɗan bambancin girma da ke tsakanin tayil da tayil, tunda babu tanderun da ke fitar da dubban tayil da awo ɗaya cif. Amma fa ya kamata a sani, cikon siminti komai ingancinsa rage shigar ruwa yake yi, ba ya hana ta ɗungum. Banɗakin da ke saman bene yana bukatar shimfiɗar hana yoyo a ƙarƙashin tayil, kuma wanda ya ce ciko kaɗai zai tsare silin ɗin maƙwabcin ƙasa ya yaudari mai gida.

Iyayenmu mata da suka yi daɓen gargajiya sun san wannan darasi tun kafin zuwan siminti. Bayan an buge ƙasa da tsakuwa da madaɓi, ba a cewa aiki ya ƙare sai an shayar da daɓen ruwan makuba, wanda ke toshe ƙananan kafofinsa ya ƙara masa ƙarfi. Matakin ƙarshe shi ne ya fi araha, shi ne kuma ke tsare duk wahalar da aka sha a baya.

Matsala ta farko a yau tana faruwa ne tun kafin a kwaɓa komai. Akwai yayin da ya shigo na manne tayil baki da baki, ba tare da tazara ba, domin daɓe ya fito kamar falalen dutse guda. Masu gida ke nema, masu aiki kuma ba sa musu, tunda ya fi sauri. To amma inda babu tazara babu inda ciko zai shiga. Abin da ake gani ɗan shafe ne a sama, wanda tsintsiya za ta kwashe cikin 'yan watanni. Ƙa'idar Amurka mai lamba ANSI A108.02 ta hana tazarar da ta gaza milimita 1.6, ta kuma ce tazarar ta ninka bambancin girman tayil ɗin aƙalla sau 3. Watau in tayil mafi girma a cikin kwalayen ya fi mafi ƙanƙanta da milimita 1, tazara ba za ta gaza milimita 3 ba. Ƙa'idar Ingila mai lamba BS 5385 ita ma milimita 3 ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga tayil ɗin ƙasa. Robobin nan ƙanana masu siffar alamar tarawa da ake sayarwa a leda, su ne ke tabbatar da wannan awo, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a ƙasar nan ita ce ta ruwan farin siminti. Ana dama simintin tsararo kamar koko, a kwarara a kan daɓe, a bi da tsintsiya ko gutsuren silifa a tura shi cikin layuka, sa'an nan a watsa dusar katako a goge. Aikin yana da sauri, kuma a ranar farko yana da kyan gani. Aibinsa yana cikin ruwan da aka yi masa. Siminti yana bukatar ruwa kaɗan ne domin ya kama. Duk abin da ya ƙaru a kai ƙafewa zai yi, ya bar ƙananan ramuka a inda yake. Bugu da ƙari, siminti zalla wanda babu yashi ko garin dutse a cikinsa yana tsukewa ƙwarai in ya bushe, fiye da kwaɓin da ke da yashi. Sakamakon shi ne layi mai laushi, mai shan ruwa kamar soso, wanda ya ja ya rabu da bakin tayil. Shi ya sa farin layin da aka yaba ranar buɗe kanti yakan koma baƙi kafin shekara ta zagayo, kuma babu wankin da zai mayar da shi, domin dattin ya shige ciki ne.

Hanya ta biyu ita ce ta garin ciko na masana'anta, wanda ke zuwa a buhu a haɗe. Shi ma siminti ne tushensa, amma an gauraya shi da yashi ko garin dutse mai awo, da launi, da sinadaran da ke riƙe ruwa a cikin kwaɓi har siminti ya gama kamawa, da kuma garin roba mai ƙara danƙo. Dabarar sa ruwan roba a kwaɓin tayil ta samu karɓuwa ne tun daga 1956, lokacin da Henry Rothberg ya kafa kamfanin Laticrete a Amurka. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya nema a jikin buhu shi ne alamar ajinsa. Bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 13888 da takwararta ISO 13007, CG1 na nufin cikon siminti na yau da kullum, CG2 kuwa ingantacce. Harafin W a gaba yana nuna ƙarancin shan ruwa, harafin A kuma juriyar gogayya. Ga kanti, ko banki, ko barandar otal, inda ɗaruruwan ƙafafu ke bi kowace rana, buhun da ke ɗauke da CG2 WA shi ne daidai. Akwai kuma bambanci tsakanin mai yashi da mara yashi: tazarar da ta kai milimita 3 ko fiye tana son mai yashi, domin yashin ne ke hana tsukewa, wadda ta gaza haka kuwa tana son mai laushi. Dutsen mabul da tayil mai ƙyalli sosai yashi yana iya karce su, don haka akan gwada a kan gutsure tukuna.

Sayen gari mai kyau rabin aiki ne. Ba a fara ciko sai abin da ke riƙe da tayil ya kama. In da gam ɗin tayil aka manna, akan jira awa 24. In kuwa a kan kwaɓin yashi da siminti mai kauri aka ɗora, kamar yadda aka fi yi a nan, kwana 2 zuwa 3 ya fi. Sa'an nan a cire robobin tazara, a ƙwaƙule kwaɓin da ya taso a cikin layuka, a share ƙura, har sai aƙalla kashi 2 cikin 3 na kaurin tayil ya zama a buɗe. Wannan ƙwaƙulewa ita ce aikin da yaran masu tayil suka fi gudu, alhali kuwa cikon da ya zauna a kan datti ba shi da saiwa.

Wajen kwaɓi, ruwa mai tsabta ake fara zubawa a bokiti gwargwadon awon da ke jikin buhu, sa'an nan a zuba gari a kai. Kwaɓin ya yi kauri kamar tunkuza, ta yadda zai tsaya a kan cokalin magini ba tare da ya kwarara ba. A bar shi ya tsima na minti 5 zuwa 10, a sake juyawa ba tare da ƙara ruwa ba. In ya fara ƙanƙara a bokiti, zubarwa ake yi. Ƙara masa ruwa don a farfaɗo da shi, al'adar da ta zama ruwan dare, tana karya ƙarfin da simintin ya fara haɗawa, kuma ita ce ke sa a ga layi ɗaya da launi biyu. Mai hikima yakan kwaɓa abin da zai iya gamawa cikin rabin awa ne kawai.

Kayan aikin turawa katako ne mai roba a fuskarsa. Ana riƙe shi a karkace, a danna kwaɓin da ƙarfi cikin layuka, ana jansa daga kusurwar tayil zuwa kusurwa; in aka bi tsawon layi, bakin robar zai faɗa ciki ya kwaso abin da aka cusa. Dannawar ita ce sirrin, domin ita ke fitar da iska ta cika layin tun daga ƙasa. Bayan minti 15 zuwa 30, lokacin da ciko ya yi tauri yadda ba zai manne a yatsa ba, sai a bi da soso da aka matse sosai, ana ɗauraye shi a kai a kai, ana canza ruwan bokiti. A nan ma ruwa ne abokin gaba. Soso mai ɗigar ruwa yana wanke siminti da launi daga saman layi ya bar yashi tsirara. Ɗan hazon da ya rage a fuskar tayil busasshen tsumma ke ɗauke shi bayan 'yan awoyi. Daga nan a rufe ɗakin: awa 24 kafin a taka, kwana 3 zuwa mako guda kafin a shigo da kanta da firji da buhunan kaya.

Umurnin da ke jikin yawancin buhuna an rubuta shi ne a kan zafin da bai wuce digiri 23 ba, wanda ba shi ne yanayin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba. A lokacin bazara da hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙarau, ruwan kwaɓi yakan gudu kafin siminti ya sha rabonsa, sai layin ya bushe bai kama ba, ya riƙa zubar da gari in an karce shi. Maganin abin shi ne a rufe tagogi, a kashe fanka, a yi aiki da sassafe ko da yamma, a ɗan shafa danshi a bakin tayil mai shan ruwa kafin a fara, sa'an nan a riƙa yayyafa wa layukan ruwa kaɗan-kaɗan har kwana 3, sai dai in mai garin ya ce ba a bukata. A Legas da Fatakwal da Warri kuwa matsalar ta juya. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yana narkar da gishirin da ke cikin kankare da yashi, ya fito da shi ta layukan tayil, ya bar farin gari kamar kanwa. In ba a shimfiɗa ledar tare danshi a ƙarƙashin kankare ba, ko aka yi amfani da yashi mai gishiri, za a yi ta gogewa yana dawowa. Funfuna ma ta fi samun wurin zama a can.

Akwai wata hasara da ta fi baƙin layi ciwo, wadda masu manyan kantuna da zauren taro suka sani. Wata rana sai a ji ƙara kamar harbin bindiga, a tarar da tayil a tsakiyar ɗaki ya tashi ya yi tozo. Akan ɗora laifin a kan masana'anta, ko ma a kan wani abin da ido ba ya gani, alhali dalilin a fili yake. Tayil yana miƙewa in ya ji zafi: daɓe mai tsawon mita 10 da zafinsa ya ƙaru da digiri 20 yana ƙara fiye da milimita 1. Kankaren da ke ƙarƙashinsa kuwa tsukewa yake yi a hankali na tsawon watanni bayan an zuba shi. Ɗaya na miƙewa, ɗaya na tsukewa, in aka cike kowace kafa da siminti har jikin bango, ƙarfin ba shi da mafita sai sama. Dalili ke nan da ƙa'idar Ingila ta ce a bar sabon kankare ya yi mako 6, shafen da ke kansa kuma mako 3, kafin a ɗora tayil. Majalisar masu tayil ta Amurka ta Arewa, watau TCNA, ta kuma tanadi cewa a cikin ɗaki a bar layin motsi bayan kowace mita 6 zuwa 7.5, a waje kuwa, ko inda rana ke bugawa ta gilashi, bayan kowace mita 2.4 zuwa 3.7. Irin wannan layi da silikon ko wani abu mai laushi ake cike shi, ba da siminti ba. A gefen bango ma ana barin milimita 6, wadda tayil ɗin gindin bango zai rufe, babu mai ganinta.

Sai kuma batun asid. Da yake ana barin siminti ya bushe a fuskar tayil, ya zama al'ada a ƙarshen aiki a kwarara asid mai ƙarfi a wanke daɓe. Asid ɗin bai san bambancin simintin da ke kan tayil da wanda ke cikin layi ba, duka yake ci. Yana kuma ƙona mabul, tururinsa yana sa famfo da hannun ƙofa tsatsa. In ya zama dole, akan jira aƙalla mako guda, a jiƙa layuka da ruwa tukuna, a yi amfani da sassauƙan abin wanki da aka yi domin haka, a ɗauraye sosai. Ya kamata masu otal da asibiti su gargaɗi masu shara cewa haɗa asid da ruwan bilic yana fitar da iskar kulorin mai guba, musamman a banɗaki mara taga.

Hanya ta uku ita ce ta efoksi, wanda ƙa'idar Turai ta sa wa alamar RG. Babu siminti a cikinsa. Ruwa biyu ne da ake haɗawa da garin yashi, su daskare su zama kamar roba mai tauri. Ba ya shan ruwa, manja da man gyaɗa ba sa rina shi, kuma tsamin nono da kitse, waɗanda ke cin cikon siminti sannu a hankali, ba sa yi masa komai sosai. Saboda haka shi ne ya dace da kicin ɗin otal, da mayanka, da masana'antar madara da lemo, da ɗakin tiyata. Tsadarsa ta ninka ta garin siminti sau da dama, kuma ba ya yafe kuskure. Dole a haɗa shi daidai da awon da ya zo da shi, zafi yana gaggauta daskarewarsa, kuma abin da aka bari ya bushe a fuskar tayil ba ya fita da ruwa. Yana kuma sa ƙaiƙayin fata, don haka sai da safar hannu. A ganinmu, sa efoksi a ɗakin kwana ɓarnar kuɗi ce. Rashin sa shi a inda ake yanka nama ko dama yogot kuwa ɓarna ce da ta fi wannan, domin layin da ya rube matattarar ƙwayoyin cuta ce, kuma gyaransa yana nufin tsayar da aiki.

Akwai wasu hanyoyin da ba su da yawa a nan. Dutse mai kaushi, wanda kwaɓi zai maƙale a fuskarsa, da jaka mai tsinin baki ake matsa masa ciko layi-layi. Akwai kuma wanda ke zuwa a kwaɓe cikin bokiti, mai bushewa da iska, wanda ba a haɗa shi da komai. Game da launi kuwa, fari a ƙofar kanti neman wahala ne. Ruwan toka ko ruwan ƙasa ya fi rufa asiri.

Ta fuskar ciniki, kasuwar tayil ta canza ƙwarai. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa tayil da siminti cikin jerin kayayyaki 41 da aka hana wa kuɗin waje a farashin hukuma, matakin da ya dawwama har watan Oktoba na 2023 da aka janye shi. Masana'antun cikin gida, irin su West African Ceramics da ke Ajakuta a Jihar Kogi, da Goodwill Ceramics da ke Igbesa, da CDK da ke Shagamu a Jihar Ogun, sun karɓi babban kaso na kasuwar da a da tayil ɗin Sin da Sifen da Italiya suka mamaye. Farin siminti kuwa akasarinsa daga waje ake shigo da shi, saboda haka farashinsa yana bin dala. Wannan ya sa ake farke buhu ana sayarwa a ƙulle-ƙulle, babu suna, babu ranar da aka yi shi, babu kuma hanyar da mai saye zai san ko an gauraya shi da wani farin gari. Garin ciko kaya ne mai lalacewa: a rufaffen buhu da busasshen wuri kimanin shekara guda yake yi, kuma wanda ya yi gudaji ya riga ya sha danshi. Dillalin da ke son sunansa ya ɗore zai nemi alamar MANCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, a kan kayan gida, da takardar SONCAP a kan na waje. Har wa yau akwai ciniki a nan da 'yan kasuwa da dama ba su lura da shi ba. Mai sayar da kwali 70 ya bar abokin cinikinsa ya tafi wani shago neman gam da garin ciko da robobin tazara da silikon, ya saki riba, kuma in daɓen ya lalace tayil ɗinsa za a zaga.

Tushen matsalar dai yana cikin yadda ake biyan lada. Ana biyan mai tayil ne a kan kowace murabba'in mita da ya shimfiɗa, ciko kuwa kamar gyara ne a kan awo, babu kuɗinsa. Wanda ya san ba za a biya shi kwanakin jira ba, ba zai jira ba. Zai shimfiɗa da safe, ya cike da yamma, ya wanke da asid washegari, ya wuce wani aikin. Masu gini da yawa a Legas da Abuja sun gwammace su ɗauko masu tayil daga Togo da Jamhuriyar Benin saboda tsabtar aikinsu, amma su ma in aka sa su a kan wannan tsari da wannan gaggawa, sakamakon ba zai bambanta sosai ba. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi wa mai gini shi ne ya fitar da ciko a matsayin aiki mai zaman kansa a takardar kwangila, da farashinsa daban. A rubuta faɗin tazara da milimita, da ajin garin da launinsa, da kwanakin jira kafin ciko da bayansa, da wuraren da za a bar layin motsi, da haramcin asid. A sa mai aiki ya fara kammala ƙaramin ɗaki guda a gani kafin ya shiga babban zaure. A manyan kwangiloli an saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin aiki har wata 6 domin gyaran abin da ya ɓaci, kuma babu abin da ya hana mai ƙaramin kanti yin haka, tunda aibin ciko ba ya bayyana a ranar miƙa makulli.

Binciken aiki ba ya bukatar injiniya. Bayan mako guda, a karci layi da bakin makulli: in ya zubar da gari, kwaɓin ya sha ruwa fiye da kima ko ya bushe da wuri. A ɗiga ruwa a kai a ga ko zai shanye nan take. A bi tayil ɗaya-ɗaya ana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi amon ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, kuma cikon da ke kewaye da shi zai tsage ko da wane gari aka yi shi. Inda aiki ya riga ya ɓaci, shafa sabon ciko a kan tsoho ba ya kamawa. Sai an ƙwaƙule aƙalla kashi 2 cikin 3 na zurfin layin da hannu ko ƙaramin inji, mita bayan mita, kuma a kantin da muka yi misali da shi mita 333 ke nan, ga kwashe kaya, ga rufe ƙofa na kwanaki. A wajen ƙwaƙulewar wasu tayil sukan ɓantare, kuma da yake launin tayil yana ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi, wanda bai ajiye kwali ɗaya ko biyu daga sayen farko ba da wuya ya sami irinsa daidai a kasuwa.